Nawa Motarka Ke Ci a Kowace Kilomita? Darasi Kan Kula da Garken Motocin Haya

'Yan uwana ɗalibai, musamman ku 'yan ND I da ke shirin fita SIWES, akwai tambayar da aka yi mini a makona na biyu a wurin aiki, na kasa amsawa. Ita ce silar wannan rubutu.

An tura ni wani kamfanin dakon kaya a Kano mai tireloli 14, suna kai hatsi Kudu, su dawo da kayan masarufi daga Legas. Na je da zumuɗin zan kwance inji in ɗaura. Sai aka zaunar da ni a wani ɗan ofis kusa da gareji, aka jibge mini littattafai uku masu bangon kwali da buhun rasitai, aka ce in riƙa shigar da lissafin man da kowace mota ta sha. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da nake karatun injiniya, a mayar da ni akawu?

Ran nan ina zaune sai manaja ya kira wani dattijon direba da kowa ke ce wa Baba. Ya ce, “Baba, duk zuwa da dawowa motarka sai ta sha lita 950, alhali sauran 800 suke sha. Ina man yake zuwa?”

Baba ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya ce, “Yallaɓai, shekara 22 ina riƙe da sitiyari, ban taɓa sayar da ɗigon man wani ba.”

Manaja ya ce maganar ta kai kunnen Alhaji, ƙarshen wata za a yanke hukunci. Sai ya juyo wurina: “Kai ɗan makaranta, motar nan nawa take ci mana a kowace kilomita?”

Na yi shiru. Daga baya na gane shi ma bai sani ba. Babu wanda ya sani a duk kamfanin.

MENE NE KULA DA GARKEN MOTOCI?

Idan mutum ko kamfani ko hukuma na da motocin aiki da yawa, tireloli ne, tankoki ne, bas-bas ne ko a-daidaita-sahu, to yana da garke. Na zaɓi wannan kalma da gangan. Makiyayi na ƙwarai ya san kowace saniya: wadda ke ba da nono, wadda ke ɗingishi, wadda ta isa a kai ta kara. Haka ake so mai motoci ya san kowace mota tun daga ranar da ya saye ta har ranar da zai rabu da ita: abin da ta sha, inda ta je, wa ya tuƙa ta, yaushe aka yi mata sabis, nawa ta kawo.

Ma'aunin da ya haɗa duk wannan shi ne kuɗin da mota ke ci a kowace kilomita. Bari mu yi lissafi na misali, kamar a aji. Mu ƙaddara tirela ce, Kano zuwa Legas da dawowa, kimanin kilomita 2,000.

Man dizal: lita 800, kowace lita N1,200, ya kama N960,000, wato N480 a kilomita.
Alawus ɗin direba da yaron mota: N200,000, wato N100 a kilomita.
Tayoyi: guda 18, kowace N300,000, za su yi kilomita 60,000, wato N90 a kilomita.
Sabis, baƙin mai da filta: N300,000 duk bayan kilomita 10,000, wato N30 a kilomita.
Tsufan mota: an saye ta N60,000,000, ana sa ran ta yi kilomita 600,000, wato N100 a kilomita.

Jimla N800 a kilomita, wato N1,600,000 a tafiya guda. Ban ma sa inshora da takardu da kuɗin kan hanya ba.

To, a ce an biya N1,500,000 kuɗin lodin zuwa, amma motar ta dawo wayam. Mai mota zai cire kuɗin mai da alawus, ya ga N340,000 a hannunsa, ya ce an samu. A zahiri ya faɗi da N100,000. Ba zai ji ciwon a ranar ba, sai ranar da tayoyi suka suɗe ko inji ya buga, ya duba aljihu babu kuɗin gyara. Shi ya sa za ku ga mutum ya fara da mota goma, bayan shekara biyar saura uku, sauran na kan duwatsu ana cire musu kaya ana sa wa 'yan uwansu.

Duk sauye-sauyen da zan kawo muku daga ƙasashen waje, ƙoƙari ne na sanin wannan lissafi da kyau da kuma rage shi.

SAUYI NA FARKO: MOTA TA FARA BA DA LABARIN KANTA

Abin da muke kira tiraka a nan, yawancinmu mun ɗauka aikinta kawai nuna inda mota take. Ta zamani ta wuce nan. Ana haɗa ta da kwamfutar injin, ta riƙa karanto gudu, da man da aka ƙona, da zafin inji, da taka birki da ƙarfi, da awannin da inji ya yi yana aiki mota na tsaye. Sai ta aika duk wannan ofis ta layin waya. Harkar ta girma har kamfanin taya na Bridgestone ya sayi sashen wannan aiki na TomTom a 2019, wanda yanzu ake kira Webfleet. Ku lura da wannan: mai sayar da taya ne yake son sanin yadda ake tuƙa mota.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, kowace ƙasa ciwonta ne ya kai ta ga na'urar. A Afirka ta Kudu da Brazil, satar mota da fashin kaya ne suka yi yawa, har kamfanonin inshora suka riƙa gindaya sharaɗin sa tiraka kafin su karɓi mota ko kaya masu tsada. A Indiya lafiyar fasinja ce, musamman mata: ƙa'idar AIS-140 ta tanadi a sa wa motocin haya na fasinja na'urar nuna wuri da maɓallin neman agaji. A Amurka kuwa, inda albashin direba da mai suke da tsada, sai suka fi karkata ga tsara hanya.

Misalin da aka fi kawowa shi ne na kamfanin kai saƙo na UPS da manhajarsa mai suna ORION. A Amurka hannun dama ake bi, kamar yadda muke yi a Najeriya tun 1972. Wanda zai karya hagu dole ya tsaya ya jira masu tahowa su wuce, inji na ƙona mai, ga haɗarin karo. Sai kamfanin ya tsara hanyoyin direbobinsa yadda za su rage karya hagu iya yiwuwa, manhajar kuma ta riƙa jera gidajen da za a bi ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin ya ce tsarin na rage masa kimanin mil miliyan 100 na tafiya da galan miliyan 10 na mai a shekara. Ƙaramin abu ne a mota ɗaya, amma idan aka ninka shi da dubban motoci kullum sai ya zama dukiya.

SAUYI NA BIYU: AN FARA ƘIRGA BARCIN DIREBA

A Tarayyar Turai, direban babbar mota ba zai wuce awa 9 yana tuƙi a rana ba, sai dai sau biyu a mako an yarda ya kai 10. Bayan awa huɗu da rabi dole ya huta minti 45. A mako ba zai wuce awa 56 ba, a mako biyu a jere ba zai wuce 90 ba. Wannan na cikin doka mai lamba 561 ta 2006. Abin da ke tabbatar da ita wata na'ura ce mai suna takograf. Kowane direba na da katinsa da yake zura mata, tana rubuta lokacin tuƙi da na hutu, jami'i na iya tsayar da mota ya karanta na makonnin baya.

A Amurka da can direbobi da biro suke cike littafin awanninsu, kuma kowa ya san ana yi wa littafin kwaskwarima. Daga Disamban 2017 aka wajabta na'urar ELD mai haɗe da inji. Ƙa'idarsu ita ce awa 11 na tuƙi cikin awa 14 na aiki, bayan an huta awa 10 a jere.

Kada ku ɗauka tausayin direba kawai ya kawo wannan. Tirela ɗaya ta kife saboda gyangyaɗi, an yi asarar mota da kaya, wataƙila da rai, ribar shekara ta tafi. Mu ma muna da namu: Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, tana da tsarin RTSSS na rajistar duk mai motocin aiki biyar zuwa sama, kuma a 2017 ta fara tilasta sa na'urar ƙayyade gudu a motocin haya. Amma duk wanda ya taɓa hawa motar dare ya san direba nawa ne ke dogaro da goro da shayi mai ƙarfi, wani ma da abin da ya fi haka, don ya kai gari kafin asuba. Muddin kuɗin direba ya dogara da yawan sawun da ya yi, to barci ne abu na farko da zai sadaukar.

SAUYI NA UKU: ME MOTA ZA TA SHA?

Birnin Shenzhen na ƙasar Sin ya kammala mayar da dukkan bas-bas ɗinsa na haya, sama da 16,000, zuwa masu lantarki a ƙarshen 2017. A 2019 kamfanin Amazon ya ba da odar motocin raba kaya masu lantarki 100,000 daga kamfanin Rivian. Landan ta kawo sabon tsarin cajin motoci masu hayaƙi da yawa kuɗin shiga tsakiyar gari a Afrilun 2019, ta faɗaɗa abin zuwa dukkan birnin a Agustan 2023. A 2024 Tarayyar Turai ta amince cewa hayaƙin sababbin manyan motoci ya ragu da kashi 45 cikin ɗari nan da 2030, da kashi 90 nan da 2040, idan aka kwatanta da na 2019. A nan Afirka, Dakar ta buɗe layin bas na lantarki a 2024.

Tambayar jarrabawa: me ya sa bas ɗin cikin gari da motar raba kaya suka riga tirela komawa lantarki? Amsar tana cikin yanayin aikinsu. Hanyarsu sananniya ce, gajeriya ce, kuma kullum a gida ɗaya suke kwana, inda za a jona su da wuta har gari ya waye. Tirelar doguwar hanya kuwa tana buƙatar batir mai nauyin gaske, kuma duk tan ɗin da batir ya ci, tan ne na lodi da aka rasa. Shi ya sa a Sin suka ɓullo da tashoshin musayar batir ga manyan motocin da ke zirya tsakanin ma'adinai, masana'antu da tashar jirgin ruwa: a cire wanda ya ƙare, a ɗora cikakke, mota ta wuce.

Indiya ta bi wata hanyar tun da wuri. A 1998 Kotun Ƙolin ƙasar ta ba da umarnin mayar da motocin haya na Delhi zuwa iskar gas ta CNG saboda gurɓatar iska, kuma zuwa ƙarshen 2002 bas-bas ɗin birnin sun koma. Wannan ita ce hanyar da ta fi kama da tamu. Bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, gwamnatin tarayya ta kafa shirin CNG, kuma a 2025 matatar Dangote ta ba da sanarwar shigo da manyan motoci 4,000 masu amfani da CNG don rarraba mai.

Akwai kuskuren da na sha ji a bakin ɗalibai: wai cire tallafi ne ya tsadar da dakon kaya a tirela. Tirela dizal take sha, kuma dizal an daɗe da sakin farashinsa. Tashin da ya yi mai tsanani ya zo ne a 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren. Cire tallafi ya fi bugun ƙananan bas da tasi da a-daidaita-sahu.

CNG ta fi arha, amma ita ma da lissafinta. Tukwanenta na da nauyi, ba ta kai nisan da tankin dizal ke kaiwa, kuma idan babu tasha a hanyarka, arhar ba ta da amfani. Mu a Arewa maganar na rataye da bututun AKK mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano. Sannan iskar ana matse ta ne da ƙarfin da ya kai ba 200, don haka tukunyar da aka yi wa walda a bakin titi ba tukunya ba ce, bam ne.

SAUYI NA HUƊU: BA DOLE SAI KA MALLAKA BA

A Amurka da Turai kamfanoni da yawa ba sa sayen motocinsu. Hayarsu suke yi na shekaru daga kamfanoni irin su Ryder da Penske, kuɗin wata-wata ya haɗa da gyara, wani lokaci har da motar maye gurbi idan taka ta lalace. Michelin na da tsarin da mai garke ba ya sayen taya, sai dai ya biya gwargwadon kilomitar da tayar ta yi, kamfanin shi ke duba iska, ya canza idan lokaci ya yi. A Kenya kamfanin BasiGo, wanda ya fara sa bas na lantarki a titunan Nairobi a 2022, ya zo da tsarin biya gwargwadon tafiya, don rage wa masu motocin haya nauyin kuɗin batir.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ai mun san balas da kuma biyan a-daidaita-sahu kaɗan-kaɗan har ya zama naka. Bambancin shi ne su sun ɗaure yarjejeniyar da kilomita, mu mun ɗaure ta da rana. Wanda ke biyan balas na rana, ribarsa ita ce ya tatse mota iya ƙarfinta kafin magariba. Wanda ya ba da haya bisa kilomita kuma gyara na wuyansa, ribarsa ita ce motar ta daɗe. Kuma ba za ka iya irin wannan ciniki ba sai kana da amintaccen ƙidayar kilomita.

Haka maganar dawowa wayam. Ko a Tarayyar Turai, kusan kashi ɗaya cikin biyar na tafiyar manyan motoci babu kaya ake yin ta. Shi ya sa manhajojin haɗa mai kaya da mai mota suka yawaita. Aikin da ɗan kamasho ke yi a tasha ne, aka mayar da shi cikin waya.

MU KOMA WURIN BABA

Kamfaninmu ba shi da tiraka mai karanta inji, wasu motocin ma mitar kilomitarsu ta mutu. Abin da nake da shi littattafan nan uku ne da buhun rasitai. Na yi kwana tara ina shigar da na wata shida cikin Excel: rana, lambar mota, direba, lita. Tun da hanyar ɗaya ce, na ɗauki kowace tafiya a kilomita 2,000. Sauran motoci na yin kusan kilomita 2.5 a lita, ta Baba 2.1.

Nan dai lissafi ya nuna manaja na da gaskiya. Har na fara jin nauyin haɗa ido da dattijon. Sai na tuna abin da malaminmu ke nanatawa a ɗakin gwaji, cewa idan kana neman sanadin abu, ka canza abu ɗaya ka bar saura yadda suke. Na sake jera bayanan, wannan karon bisa direba. Ashe akwai tafiya biyu da Baba ya kwanta rashin lafiya wani ya ja motarsa: ta sha lita 940 da 960. Akwai kuma tafiya ɗaya da Baba ya ja wata motar: lita 790.

Na buga takarda ɗaya na kai wa manaja hannuna na rawa. Na ce, “Yallaɓai, ina ganin ba direban ba ne, motar ce.” Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya aika a kira shugaban makanikai. Da aka buɗe, nozul sun gaji, filtar iska ta toshe, kuma birkin ƙafa ɗaya na bodin baya yana kamawa. Ba a ga rasitin sabis ɗin motar na kusan wata biyar ba, domin duk lokacin da ta dawo lodi na jira, sai a ce bari ta je ta dawo. Bayan gyara ta sha lita 820. Ku lissafa da kanku: lita 150 sau N1,200, a tafiya 18 cikin wata shida, N3,240,000 ke nan aka ƙona.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, adadin da ya kusa raba Baba da aikinsa gaskiya ne, motar lita 950 take sha. Wanda ya karanta shi ne ya yi gaggawa. Da an sa tiraka mafi tsada a duniya aka bar ta ba mai zama ya kwatanta, da ita ma shaidar zur za a sa ta yi. Direbobi da yawa na ƙin tiraka saboda suna ganin ɗan leƙen asirin oga ce, kuma a inda ake amfani da ita don neman laifi kawai, ba su yi ƙarya ba. Ba a kuwa rasa masu zuƙe mai da gaske, amma su ma kwatanta bayanai ne ke tona su.

Ranar da zan gama SIWES Baba ya same ni a bakin gareji, ya damƙa mini leda da goro da dabino. Ya ce, “Ɗana, ni ban iya kwamfuta ba, amma tun watan azumi nake gaya musu motar nan tana nauyi a hawa. Ba wanda ya rubuta.”

ABIN YI KAFIN ƘARSHEN SEMISTA

Wannan fanni na kowa ne. Ɗan injiniyan makanikal zai fahimci dalilin shan mai, ɗan lantarki zai haɗa na'ura da tashar caji, ɗan kwamfuta da ɗan kididdiga su tace bayanai, ɗan akanta ya fitar da tsufan mota, ɗan sashen saye da adana kaya ya kula da kayan gyara. Mai son zurfafawa, akwai Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya, NITT, a Zariya.

Amma ba sai kun jira ba. Ku sami mai a-daidaita-sahu ɗaya a bakin get, ko direban bas ɗin da ke kawo ku makaranta, ku nemi yardarsa cikin ladabi. Mako biyu ku riƙa rubuta kilomitar da ya yi, man da ya sha, faci da gyara, balas, da abin da ya samu. Idan mitarsa ba ta aiki, taswirar waya za ta ba ku nisan hanya. Sannan ku fitar masa da kuɗin kilomita ɗaya, ku zauna ku nuna masa, ku kuma saurari abin da zai ce, don akwai abin da ya sani wanda ba ya cikin takardarku. Masu neman taken furojet, ga shi nan a ɓagas. Wanda ya yi ya kawo sakamakonsa ofishin mujalla, mu haɗa mu kwatanta a fitowa ta gaba.